Labaran Yara a Talabijin: Wa Ake Yi Wa Wannan Hausar?

Yau shiri guda nake so mu ɗora a faifai, wato labaran yara na talabijin, mu bi yadda 'yan jarida ke haɗa shi tun daga zaɓen labari har ya fito a allo, mu ga inda Hausar ke zamewa.

Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin ranar 27 ga Mayu, Ranar Yara a Nijeriya, ya san yadda ake yi. A ɗauko yarinya 'yar aji biyar ko shida, a yi mata kwalliya, a zaunar da ita a kujerar mai karanta labarai, a miƙa mata takarda. Iyaye su yi ta murna, hotuna su cika WhatsApp. Na kalli irin wannan a wani gida a Mabera, nan cikin Sakkwato, tare da yara huɗu, babbansu ɗan shekara 11. Ba zan ambaci tashar ba, don abin ba na tasha ɗaya ba ne. Yarinyar ta yi karatu tsaf, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Da ta gama labarin farko sai na juya na tambayi yaran, "Me ta ce?" Aka yi tsit. Can sai ƙaraminsu ya ce, "Ta ce gwamnati."

Iyakar abin da ya tsinta ke nan. Kuma yaron Bahaushe ne gaba da baya, da Hausa ya buɗe baki.

Ga irin jimlar da ake ba su

Wannan misalin ni na tsara shi, amma na san za ku shaida salon:

"A wani yunƙuri na daƙile yaɗuwar cutar sanƙarau, masu ruwa da tsaki a fannin kiwon lafiya sun jaddada buƙatar da ke akwai ta wayar da kan al'umma, inda suka yi kira ga iyaye da su bayar da haɗin kai wajen ganin an cim ma nasarar shirin rigakafin da ake sa ran gudanarwa a ƙananan hukumomi 23 na jihar."

Ku ƙirga. Kalma sama da 50 a jimla ɗaya, babu aya sai a ƙarshe. Sai an wuce kalma takwas kafin a ji aikau, shi ma aikau ɗin "masu ruwa da tsaki" ne, wanda yaro zai ɗauka wasu ne ke tallar ruwa da abincin kaji. Ainihin labarin, wato za a yi allura, ba a faɗe shi ƙarara ba ko sau ɗaya. An binne shi ƙarƙashin "yunƙuri" da "buƙata" da "haɗin kai" da "nasara", duka sunaye ne na abin da ido ba ya gani.

To a sake rubuta shi don ɗan shekara tara:

"Zafi ya shigo. A irin wannan lokaci ne ciwon sanƙarau ya fi kama mutane. Yana zuwa da zazzaɓi da ciwon kai, sai wuya ya sanƙare, ya ƙi juyawa. Daga nan ya samo sunansa. Akwai allurar da ke kare mutum daga gare shi, kuma ma'aikatan lafiya za su zo unguwanni su yi wa yara. Sun ce duk wanda ya ji zazzaɓi ga wuya ya ƙage, ya gaya wa babba nan take."

Babu abin da aka rage na gaskiyar labarin. An ma ƙara, don yanzu yaro ya san alamun ciwon, ya san abin da zai yi, ya kuma gane dangantakar "sanƙarau" da aikatau "sanƙare".

Ba mu muka fara ba

Labaran yara sana'a ce mai zaman kanta a aikin jarida. A Birtaniya, BBC ta fara shirin Newsround ranar 4 ga Afrilu 1972, John Craven na gabatarwa, kuma shirin na nan har yau. Holan ta biyo baya da Jeugdjournaal a 1981, Jamus da logo! na tashar ZDF a 1989. Dukkansu ba takardar manya suke miƙa wa yaro ya karanta ba. Ƙwararrun 'yan jarida ne ke zama su rubuta labarin daga tushe don kunnen yaro. Kuma labarai ne na gaske: a Janairun 1986, da kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse, Newsround ne shirin talabijin na farko da ya sanar da mutanen Birtaniya.

Mu ma talabijin ba baƙo ba ne a wurinmu. An buɗe tashar Ibadan a 1959, ta Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin hukuma ɗaya ta tarayya a 1977. A Sakkwato akwai tashar NTA, akwai ta jiha, wato Rima. Shirye-shiryen yara kuwa, waɗanda suka fi yin suna a ƙasar nan na tatsuniya ne da wasanni, irin su Tales by Moonlight da NTA ta fara a 1984. Labarai na yara zalla, da Hausa, su ne har yanzu ba mu ba su haƙƙinsu ba. To bari mu bi aikin daki-daki.

1. Zaɓen labari

Aiki na farawa ne da taron safe, edita da wakilai su zauna su yanke abin da za a ɗauko. Tambayar da ta dace da shirin yara ita ce: wannan abu ta ina ya taɓa yaron da ke Runjin Sambo ko Gidan Igwai? An ƙara kuɗin mai, ta ina? Ta kuɗin kabu-kabun zuwa makaranta. An yi kasafin kuɗi, ta ina? Ta rufin ajinsu da ke yoyo. In an amsa wannan tun a taro, jimlar farko ta rubuta kanta.

Abin da aka fi yi shi ne a ɗauko takardar sanarwa daga wani ofis, da Turanci aka rubuta ta, a ba mai fassara. Shi kuma lokaci ya ƙure masa, sai ya bi ta kalma bayan kalma. Ba na zarginsa shi kaɗai. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauko rahoto, ya fassara, ya karanta. Amma daga nan ne muke samun "samar da yanayi mai kyau" da "a ƙarshen rana" da "buƙatar da ke akwai". Kalmomin na Hausa ne, ƙirar jimlar ta wani harshe ce.

2. Fita da kyamara da hira da yara

Nan ne wakili ke gamuwa da yaro ido da ido, nan ne kuma za ku ji tambayar nan da ta zama ruwan dare: "Yaya kike ji?"

Bahaushe ba ya tambayar abin da ke zuciyar mutum haka. Abin da ya fi kusa da ita a kunnen yarinya shi ne "yaya jiki?", gaisuwar marar lafiya. Shi ya sa amsar ba ta wuce "lafiya lau" ko "na ji daɗi". Sai wakili ya ƙara da, "Kina farin ciki da wannan abu da gwamnati ta yi, ko?" Ta ce "E." An sa mata magana a baki, an kuma kira shi ra'ayin yara.

Ku gwada waɗannan: Me kika gani? Ina kike lokacin? Sai me ya faru? Wa ya fara gaya miki? Da ke ce shugabar makaranta, me za ki fara gyarawa? Tambayoyin "me", "ina", "wa", "yaushe" ba a amsa su da "e" ko "a'a", dole yaro ya ba da labari.

Akwai kuma kunya. Yaron da aka yi wa tarbiyyar gidan Hausa ba ya zuba surutu gaban baƙo babba, balle a tsaya masa a ka da makirufo, malaminsa na gefe yana zare ido. Wakilin da ya san aikinsa zai durƙusa daidai tsayin yaron, ya fara da hirar da ba ta shafi labarin ba har ya sake. Kada ya tilasta masa faɗin sunan mahaifinsa ko mahaifiyarsa gatsau, ya bar shi da "Baba" da "Inna". Kuma kafin duk wannan, a nemi izinin iyaye.

3. Sakkwatanci a gaban kyamara

Wannan ya fi shafarmu a nan. Manya sun tuna ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A ce an yi irin wannan ruwa, Allah ya kiyaye, wakili ya je wani ƙauye a bakin gulbin Rima, yarinya ta ce masa:

"Da munka tashi da sahe, sai munka ishe ruwa cikin ɗaki."

Na sha jin an dakatar da yaro a irin wannan wuri an ce, "A'a, ki ce muka." Ko kuma a kashe muryarta, wakili ya maimaita maganar da tasa Hausar kamar yana fassara baƙon harshe.

Ɗalibai, ku riƙe wannan: "munka" ba kuskure ba ce. Sigar shuɗaɗɗen lokaci na biyu ce a karin harshen yamma, munka, kunka, sunka, anka, daidai da muka, kuka, suka, aka a Daidaitacciyar Hausa. Haka "yat tahi" maimakon "ya tafi", haka dirkar "na" da "ta" maimakon "ne" da "ce", haka "zaka" maimakon "zo". Da wannan Hausar Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙa, babu wanda ya ce su gyara. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka fi gina ta, don a sami hanyar rubutu ɗaya ta littattafai da jaridu da makarantu. Ba a yi ta don a hana Basakkwace maganar gidansu ba.

Ga yadda nake ganin rabon. Abin da mai gabatarwa ke karantawa da abin da aka rubuta a allo, a yi shi da Daidaitacciyar Hausa, don ita yaron ke koyo a aji, ita kuma za ta haɗa shi da ɗan Zariya da ɗan Maraɗi. Muryar yaron da aka yi hira da shi kuwa a bar ta yadda ta fito. Yarinyar da aka gyara wa "munka" a gaban kyamara ta koyi abu ɗaya a ranar, cewa maganar mahaifiyarta abin kunya ce. Wannan asarar ta fi ta kowace jimla da aka karya.

4. Rubuta labarin

Labarin talabijin kunne ake rubuta wa. Mai karanta jarida in ya ɓace zai koma baya ya sake bi, mai kallo ba shi da wannan damar. Ga wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

"Inda" da "yayin da". Asalin "inda" wuri take nunawa: "Na je inda ka aike ni." A Hausar labarai ta koma igiyar ɗaure jimla uku wuri guda: "ya ziyarci makarantar, inda ya ce, inda ya ƙara da cewa". Ku cire ta ku sa aya. In ana son a nuna jerin abin da ya faru, Hausa na da "sai", "sannan", "daga nan". Da su kowane yaro ke ba da labari.

Suna a wurin aikatau. "An gudanar da rabon littattafai" kalma biyar ce, "an raba littattafai" uku. "Sun yi kira da a bayar da kulawa" na nufin "sun ce a kula". Hausa da aikatau take tafiya. Duk inda kuka ga "gudanar da", ku leƙa bayanta, akwai aikatau da aka danne.

Jerin muƙamai. A labaran manya sai an jero muƙami da sarauta da digiri kafin a zo ga abin da mutum ya ce. Kafin a gama, yaro ya tashi. Girmamawa na da wurinta, amma a fara da abin da ya faru, sannan wanda ya yi, da muƙami ɗaya da yaro zai gane aikinsa.

Alƙaluma. "Kashi 25 cikin ɗari" bai nuna wa ɗan aji uku komai ba. A ce "ɗaya cikin kowane huɗu", ko "in an kasa ajinku gida huɗu, gida ɗaya". A watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura 40 a ma'auni. A gaya wa yaro cewa jikin mai lafiya wajen 37 yake, ke nan iskar waje ta fi jikinsa zafi, shi ya sa ake cewa ya sha ruwa ya nemi inuwa. Yanzu 40 ɗin ta zama abin da ya sani a fatarsa.

Jinsi. "Makarantar ya rufe", "hukumar ya ce". Wannan kan faru ne idan jimla ta yi tsawo har mai rubutu ya manta da aikau ɗin da ya fara da shi. Makaranta mace ce: ta rufe. Gajarta jimla kaɗai na maganin rabin wannan ciwo.

Wani zai ce, to in ba a jefa wa yara manyan kalmomi ba, yaushe za su koya? Gaskiya ne, kuma ba cewa nake a yi musu maganar goyo ba. Yaro na gane lokacin da ake raina masa hankali. A kawo sabuwar kalma ɗaya ko biyu a kowane labari, a buɗe ta nan take: "Majalisa, wato wurin da wakilan jama'a ke zama su yi doka." Gobe in ya ji ta a labaran manya, ya san ta. Kalma goma a jimla ɗaya kuwa, ko ɗaya ba zai ɗauka ba.

Kuma wannan ba sabon tunani ba ne a garin nan. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana duba wa take yi wa magana kafin ta zaɓi harshe. Abin da jajis za su kai wa matan karkara ta tsarin 'Yan Taru, an tsara shi yadda mai ji zai gane ya kuma riƙe.

5. Labari mai nauyi

Yaran Sakkwato na jin abin da ke faruwa a Isa da Sabon Birni da Rabah. Suna ji a bakin manya, suna gani a wayoyi, wasunsu ma da 'yan gudun hijira suke aji ɗaya. Shirin da ya yi kamar babu wannan ya bar su da jita-jita. Amma kalmar da za a zaɓa na da muhimmanci.

Ku ɗauki "an yi garkuwa da mutane". Garkuwa abin kare jiki ce a fagen yaƙi, ma'anar da labarai suka ba ta daga baya ta zo. Babba ya saba da ita. Ga yaro, "an sace mutane, an ce sai an biya kuɗi za a sake su" ya fi fitowa fili. Haka "an daƙile hari" da "an yi ɗauki ba daɗi", duk suna rufe abin da ya faru. A faɗi gaskiya a taƙaice, ban da siffanta jini da gawa. A faɗi inda abin ya faru, don yaro ya san nisansa da gidansu. A faɗi su wa ke taimako. A rufe da cewa duk wanda labarin ya tayar masa da hankali ya yi magana da babba a gida. Yaron da abin ya shafa kuwa, ba a nuna fuskarsa, ba a faɗin sunansa.

6. Tacewa da rubutun allo

A ɗakin tacewa ake auren murya da hoto. Ƙa'idar ita ce abin da kunne ke ji, ido ya gan shi. In ana maganar famfon makaranta, a nuna famfon da yara a layi, a rage hoton manya a kan babban tebur. Hausa na da kayan wannan aiki: "ga shi nan", "kun ga wancan", "ku dubi nan". Rediyo ba ta iya amfani da su, talabijin na iyawa, amma da wuya ku ji su.

Sai rubutun da ke bi ta ƙasan allo, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Masu kallon shirin nan yanzu suke koyon karatu, abin da suka gani a talabijin shi ne daidai a wurinsu.

Kuskure: Baki sun ziyarci makaranta
Daidai: Baƙi sun ziyarci makaranta

Kuskure: An kara kudin makaranta
Daidai: An ƙara kuɗin makaranta

Kuskure: Yace zasu dawo gobe
Daidai: Ya ce za su dawo gobe

Kuskure: Sune suka ci gasar
Daidai: Su ne suka ci gasar

Kuskure: Ya hau akan bango
Daidai: Ya hau kan bango

A da ana fakewa da cewa na'ura ba ta da ƙ da ɗ da ɓ. Yau ƙaramar waya ma na da su. Malami ya kwashe zango guda yana koya wa yara bambancin "kafa" da "ƙafa", "fada" da "faɗa", sai allon talabijin ya rushe masa aiki da yamma. Kafin shiri ya fita, a sami mutum ɗaya da ya san ƙa'idojin rubutu ya duba allon. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na yaye ɗaliban Hausa duk shekara, ba a rasa wanda zai yi wannan aikin ba.

7. Mai gabatarwa

Shin yaro ne ya kamata ya karanta, ko babba? Ni a ganina duka biyun na yiwuwa. Abin dubawa shi ne ko mai karatun ya gane abin da yake karantawa. Akwai gwaji mai sauƙi: a karɓe takardar daga hannun yarinyar, a ce ta faɗi labarin da bakinta. In ta iya, rubutun ya yi. In ta yi shiru, a koma teburin rubutu, laifin ba nata ba ne. Sau da yawa ma abin da za ta faɗa da bakinta ya fi na takardar kyau, sai a rubuta shi a yi amfani da shi.

Kuma a yi wa masu kallo magana kai tsaye. "Ku da ke aji shida, jarrabawarku ta matso" ya fi "ana sanar da ɗaukacin ɗaliban da abin ya shafa". Wakilin suna "ku" ɗin nan shi ke sa yaro ya ɗago kai.

Aikin gida

Ga jimla, ita ma ni na tsara ta. Ku mayar da ita labarin da ƙaninku ɗan shekara takwas zai gane, kada kowace jimla ta wuce kalma 12:

"Biyo bayan ƙorafe-ƙorafen da mazauna yankin suka gabatar dangane da matsalar ƙarancin ruwan sha, hukumomin da abin ya shafa sun bayyana aniyarsu ta ɗaukar matakan da suka dace da nufin shawo kan lamarin cikin gaggawa."

In kun rubuta, kada ku fara kawo mana. Ku karanta wa yaro tukuna, sau ɗaya tak, ku tambaye shi me ya ji. Sai ku turo mana da abin da kuka rubuta da amsar da ya ba ku, mu duba tare a darasi na gaba. Wanda ya ga dama ya yi nasa da Sakkwatanci ma, muna so mu gani.

Mu kwana nan.